Waken Inna a Cikin Toka

Mu huɗu ne a ɗakin ranar, ran Lahadi bayan an taso daga sujada. Akwai ni, Rifkatu. Akwai ɗana Ishaya, wanda ke gadi a wata masana'anta a Ogba. Akwai matarsa Bose, Bayarabiya haifaffiyar nan Agege, da cikinta wata bakwai. Na huɗunmu Malam Sale ne, maƙwabcinmu mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, wanda ya leƙo gaisuwa ruwa ya tsare shi.

Kwana shida ke nan ruwan yana zuba. Ruwan Legas ba ya zuwa da hadari da iska ya yi abinsa ya wuce kamar na gida. Tsiyaya yake yi, ya jiƙa bango, ya jiƙa katifa, gishiri ya narke a robarsa, ashana ta ƙi kamawa. Kwata ta cika ta dawo tsakar gida. Na dawo daga coci da takalmi a hannu, zane ya manne mini a ƙafa, gwiwoyina kamar an zuba musu tsakuwa.

Bose ba ta je ba saboda ƙafafunta sun kumbura. Muka tarar ta share ɗaki, ta dafa wake da manja, ga garin rogo a gefe. Malam Sale ya ƙi ci sau biyu, a na uku ya wanke hannu, yana tsokanarta wai albasarsa ce ta gyara girkin, ba hannunta ba. Ita kuma ta ce albasar da ya ba ta rabinta ruɓaɓɓe ne, sai dai ya gode wa manja. Ishaya ya yi addu'a, muka sa cokali.

Loma ɗaya na kai baki na tsaya. Ƙananan wake ne, jajaye, masu ɗan kaurin fata, in ka tauna sai ka ji wani garɗi kamar na gyaɗa a can bayan harshe. Ba a sayar da irinsa a kasuwar Agege. Daga inda nake zaune na sunkuya na duba ƙarƙashin gadona. Gwangwanin da nake ajiyewa a wurin ba ya nan.

Na tambaye ta inda ta samo wake. Da murmushinta ta ce ruwa ne ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, tana jawo kaya sai ta ga gwangwani cike da wake duk toka ta ɓata shi, har da busasshen barkono a ciki. Ta ce ta tankaɗe, ta wanke sau uku kafin ya fita. Babu komai a gidan sai gari, kuma ba ta so in dawo cikin ruwan nan in rasa abu mai zafi.

Ni ba mai tauna magana ba ce, kowa a layinmu ya sani. Na tambaye ta ko a gidan ubanta ba a koya mata tambaya ba. Na ce wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, duk abin da ya gani na tukunya ne. Na faɗi wasu ma da ba zan maimaita ba. Yarinyar ta dafa bango ta durƙusa da wannan cikin nata, tana cewa, "Mama, e ma binu, ki yi haƙuri," alhali ba ta ma san laifin da ta yi ba.

Ishaya ya ce, "Haba Mama, wake ne fa. Gobe Malam Sale ya taho miki da mudu guda."

Malam Sale ɗan manomi ne, kasuwa ce kawai ta kawo shi Legas. Ya ajiye cokalinsa a hankali, ya dubi kwanon, ya dube ni.

"Maman Ishaya, iri muka ci?"

Na ce iri ne.

Ya yi salati ƙasa-ƙasa. Sannan ya ce wa Ishaya ya yi shiru, ɗan birni kawai, wanda ake aunawa a mudu daban, wannan daban. Ba wanda ya sake taɓa abincin. Na ɗauki kujerata na koma bakin ƙofa na juya musu baya, ina kallon ruwa yana dukan bokitan fenti biyar da na jera a gindin bango na cika da ƙasa. Jira nake ruwan ya ɗan sarara in shuka. Saura kwana kaɗan.

Waken nan na uwata ne. Hannatu sunanta, Inna muke ce mata. Ƙauyenmu yana kudancin Kaduna, a gindin dutse. Ba ta yi boko ba, kamar yadda ni ma ban yi ba, amma babu Lahadin da za a buga ƙarfen coci bai same ta a hanya ba. Da asuba za ka ji ta durƙushe a bakin murhu tana kiran sunayenmu gaban Allah ɗaya bayan ɗaya, har da akuya. Daga nan rafi, daga rafi dutsen niƙa, daga niƙa gona, sai rana ta faɗi ta dawo da itace a ka. Ban taɓa ganin ta zauna hannu biyu babu komai ba, sai a kan bencin coci.

Duk abin da gona ta bayar kashi uku take yi masa. Na fari na Allah, a kai coci ranar godiyar kaka. Na biyu na ƙasa, wato iri. Na uku ne na ciki. Takan ce in ciki ya ci na ƙasa, baɗi ƙasa ta ci mai cikin. Irin wake kuwa da toka mai sanyi take cuɗa shi, ta sa barkono, ta zuba a tulu, ta kife kasko a baki ta liƙe da laka. Ƙwaro ba ya shiga. Mu ma ba ma kusantar wurin.

Shekarar da nake nufi ina da kamar shekara goma. Daminar da ta gabata ta yanke da wuri, rumbu bai kai rabi ba. Baba ya tafi Jos haƙar kuza tun farkon rani, ba saƙo, ba labari. Ruwa ya makara. Ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, kaji suna yawo baki buɗe, rafinmu ya koma yashi. Sai a tona rami a zauna a bakinsa da ƙoƙo ana jiran ruwa ya tsatso, tulu ɗaya ya cinye maka safiya. Da aka yi ruwan fari kowa ya fita da gudu, muka shuka dawa. Ta fito kyakkyawa, sai sama ta ɗauke sati uku. Muna kallo ta naɗe kamar taba, ta bushe. Da ragowar irin muka sake shukawa, Inna ta yafa acca a gonar tudu.

Sai maganar huɗa. A wurinmu gayya ake yi, maza su zo da garma su tayar da kunyoyi rana ɗaya, mai gona ya ba su burkutu. Inna tun da aka yi mata baftisma ba ta sake dafa giya ba. Ƙanen Baba ya zo har gida ya ba ta shawara, ya ce ta dafa ko tulu biyu ne, Allah ya san mijinta ba ya nan. Ta ce kunu za ta dama. Ya yi dariya ya ce bai taɓa ganin kunu ya ɗaga garma ba.

Bai yi ƙarya ba. Maza uku suka zo, biyu suka sulale kafin rana ta take. Matan coci ne suka ɗauki aikin, su shida, wasu da goyo, suna waƙa suna sara. Abin da maza ke gamawa a yini sai da suka kwana huɗu a kai. Kuma gayya rance ce ta ƙarfi, kowace sai Inna ta je ta rama mata yininta. Haka ta yi ta zagaya gonakin mutane da cikin da babu komai. Tafin hannunta ya tsage, in ta shafa mini kai sai in ji kamar ɓawon itace.

Da ruwa ya zauna sosai, abinci ya ƙare. Ni take ɗagawa ta zura cikin rumbu in share gindinsa da tsintsiya. Har yau ina jin warin wurin, ƙura da kashin ɓera. Daga ci sau biyu muka koma sau ɗaya, daga tuwo muka koma kunu mai ruwa, daga nan sai ganyen tafasa da rama, da gwazar da ba ta ƙosa ba, mai ƙaiƙayi a maƙogwaro. Yunwar damina ta fi ta rani cin rai. Duk inda ka duba kore ne shar, dawa tana rawa, ruwa yana sheƙi a ganye, amma babu abin da za ka tsinka ka kai baki.

Shi kuma wake shi ne autan shuka. Sai dawa ta kai gwiwa, an yi noma na biyu, sannan a bi tsakanin kunyoyi a sa shi. Saboda haka duk tsananin nan tulun yana nan a kusurwar ɗaki, muna kwana da shi muna tashi da shi.

Ƙanena Dauda shekararsa uku lokacin. Gashinsa ya yi ja, cikinsa ya fito, ƙafafu kamar kara. Daga baya ya daina kuka ma, sai kallo. Inna tana ba shi rabonta, ita ta ɗaure ciki da tsohon ɗankwali ta ɗauki fartanya. Wata rana na ce mata ta buɗe tulun. Ta ce saura kwana goma a shuka. Na ce Dauda fa? Ta ce Allah yana ganin Dauda. Na ji na tsane ta a ranar. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba.

Ran Lahadi aka buga ƙarfe, ta yafa farin mayafinta, ta bar ni da yaron don ba ya iya zama. Ana yayyafi. Na jira har muryoyin masu waƙa suka fara tasowa daga coci, sannan na ɗauki taɓarya na fasa lakar. Na juye a faifai, na girgiza sama-sama, na watsar da tokar bayan danga. Da ma tafi ɗaya na ɗiba. Amma hankalin yaro, na ce tunda an fasa an fasa, na zuba duka a tukunya. Itace jiƙaƙƙe, hayaƙi ya cika ɗaki, waken bai gama nuna ba na sauke. Na murje wa Dauda da yatsa ina ba shi. Ya ci. Ni ma na ci har cikina ya yi ciwo.

Da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ga tulu a kwance, ta ga tukunya, ta ga bakin Dauda. Na riga na shirya bayana, don Inna tana duka, kuma ba ta dukan wasa.

Ta ce, "Ya ci?"

Na ce ya ci.

"Ya zauna masa a ciki?"

Na ce ya zauna.

"To. Mun gode Allah."

Ta cire mayafin ta ninke, ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi addu'ar da na ji ba. Ta daɗe a haka, idonta a kan tulun. Ban taɓa ganin gajiya a fuskar mutum irin ta ranar ba. Can ta ɗago ta tambaye ni abu ɗaya.

"Ina kika zubar da tokar?"

Washegari da sassafe ta kai ni bayan danga. Tokar ta jiƙe ta zama kamar kunun laka. Muka durƙusa muna murzawa da yatsu kaɗan-kaɗan. Ta san yaro mai sauri ba ya tankaɗe da kyau. Ƙwaya talatin da ɗaya muka samu, duk sun fara kumbura, ba sauran jiran kwana goma. Ta juye mini su a hannu ta ce, "Ke kika buɗe, ke za ki rufe."

Ni na shuka su, a ɗan fili kusa da gida. Ni na yi gadinsu daga akuya da biri da gafiya, da safe da yamma, har suka yi yaɗo. Da ta doke ni da ya fi mini sauƙi. Bayan 'yan makonni acca ta nuna, muka yanka ta da sauran ɗanyenta, muka soya a kasko muka daka. Dauda ya tashi. Baba ya dawo bayan kaka da fitilar ƙwai da tarin da bai rabu da shi ba har ya mutu.

Ƙaramar ƙwarya ɗaya waken ya ba mu. Ranar godiya mutane suna shiga da damin dawa da kwandon doya, Inna ta ɗebi tafi ɗaya ta ƙulle a ganye ta ce in kai gaba. Na bi tsakiyar coci da ɗan ƙullin nan ina jin dariyar yara a bayana. Sauran duka ta mayar cikin toka. Ganyen kawai muka ci a miya. Sai da aka shekara biyu ƙwayar waken nan ta sake shiga bakinmu.

Da aka aurar da ni ga uban Ishaya, leburan jirgin ƙasa, ba ta da akwati ko tasa da za ta ba ni. Ƙullin wake ta ba ni cikin toka. Da shi na sauka a tashar jirgi ta Iddo a Legas, ban san kowa ba, ban san ko gaisuwar mutanen ba. Tun daga nan ban tsallake shekara ba. Da fari a gefen layin dogo nake shukawa, sannan a bayan gidan haya, har mai gida ya gina shago a wurin. Yanzu sai bokiti. Inna ta rasu a wata damina, fartanya a hannu aka ɗauko ta daga gona, kuma saƙon bai same ni ba sai bayan an binne ta. Shekarun baya na sa aka tambayi Dauda ko akwai sauran irin a gida. Ya ce yanzu fari babba kowa ke shukawa, na Inna ya ɓace tuni. Abin da ke cikin gwangwanin nan shi ke nan a duniya, iyakar sanina.

Ina zaune a bakin ƙofar har Malam Sale ya yi sallama ya fita, ya rufa buhu a ka. Ishaya ya sa rigar aiki ya tafi kama motar danfo. Na waiwaya. Bose tana zaune a bakin katifa, ƙafafun nan kamar turmi, kwanon yana gabanta ya huce, ba ta ci ko loma uku ba.

Da Kirsimeti aka kawo ta gidan, bayan na riga na girbe na rufe. Ba ta taɓa ganin na shuka ba. Abin da na gaya mata tun zuwanta shi ne kada a taɓa mini kaya, shi ke nan. Ina kallon yadda take shara, ina kallon yadda take sa gishiri, ina gyara mata gaisuwa, amma ban taɓa zaunar da ita na ce ga abin da ke ƙarƙashin gado ba. Shi kansa Ishaya wake ya sani, bai san tulu ba.

Na tashi da ƙyar na ɗumama abincin a kan risho, na ajiye mata. Na ce ta ci, wanda ke cikinta bai yi wa kowa laifi ba. Ta ɗauki cokali tana kallona kamar mai jiran sauran faɗa. Na tsaya a kanta har ta cinye.

Na ce, "Ya zauna miki?"

Ta ce, "Ya zauna, Mama."

"To. Mun gode Allah. Ina kika zubar da tokar?"

Ta ce a bayan gida, gindin katanga, kusa da kwata. Na dubi waje. Ruwa yana nan yana zuba, kwatar tana gudu da leda da bawon lemo. Duhu ya fara, idona kuma ba na da ba ne. Na ce Allah ya kai mu.

Washegari tun masu danfo ba su fara kiran fasinja sosai ba na ɗaura tsohon zane na zagaya baya. Ruwan ya koma yayyafi. Yawancin tokar ta bi kwata, sai wani ɗan curi da ya maƙale a bayan fasasshen bulo. Na shimfiɗa buhu na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara, na fara murzawa. Barkono ya shiga mini tsagar yatsa. Na daɗe ban samu komai ba sai tsakuwa. Sannan ɗaya. Sannan biyu manne da juna.

Ban ji zuwanta ba, sai na ga ɗigon ya daina dukan wuyana. Bose ce tsaye da lema. Ba ta iya sunkuyawa, sai ta riƙa nuna mini da yatsan ƙafa, tana cewa ga wani can, Mama, kusa da hannunki. Idonta ya fi nawa. Ƙwaya bakwai muka samu, sun kumbura, ɗaya har ta fasa baki.

Muka dawo wurin bokitan. Na zubar da ruwan da ya kwanta a kansu, na ɗora biyu a kan benci don kada ta wahala. Na kama yatsanta na nuna mata zurfin, gaɓa biyu, ba ƙari. Na juye mata ƙwayoyin a tafi. Ta ce tana tsoro kada ta ɓata. Na ce ita ta buɗe, ita za ta rufe. Ta sa su ɗaya-ɗaya, ina faɗa mata sunan mai su, da inda gonarta take.

Da ta gama na wanke gwangwanin na goge shi da bakin zane. Sannan na sa takalmi na tafi bakin titi wurin matar da ke gasa masara, na ce ta fara tara mini toka.